Haɗarin Shan Bitamin D Ba Bisa Ƙa'ida Ba da Matsayin Shawarar Masana Abinci: Nazari a Kan Samaru da Sabon Garin Zariya

Tsakure

Wannan takarda ta yi nazarin yadda shan ƙwayoyi da ɗigon bitamin D ke ƙara yaɗuwa a yankin Sabon Garin Zariya, da irin illar da ke biyo baya idan aka sha shi ba tare da awo ko shawarar masani ba. Ta bayyana yadda jiki ke samar da wannan bitamin da yadda yake sarrafa shi, ta kawo sakamakon binciken da aka gudanar a Jos kan ciwon taushin ƙashi na yara, sannan ta nuna cewa a ƙasa mai wadatar rana irin arewacin Nijeriya matsalar ƙashi ta fi alaƙa da ƙarancin kalsiyam a cikin abinci fiye da ƙarancin bitamin ɗin kansa. Daga nan ta fayyace waɗanda suka cancanci shan ƙari, da waɗanda shan sa ke zame wa haɗari, da kuma wurin da ya kamata a nemi shawara.

1.0 Gabatarwa

Ƙaramar Hukumar Sabon Gari ta Jihar Kaduna ta ƙunshi unguwanni irin su Samaru da Basawa da Bomo da Hanwa da Muciya da Cikaji da Dogarawa, kuma tun bayan isowar jirgin ƙasa Zariya a farkon ƙarni na 20 ta zama mahaɗar 'yan kasuwa da ma'aikata daga sassan ƙasar nan. Kafa Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru a shekarar 1962 ya ƙara mata ɗalibai da malamai, ta yadda a yau ake samun jama'a masu karanta bayanan lafiya a wayoyinsu, masu kuma iya shiga kemis su ambaci sunan maganin da suke so ba tare da takardar likita ba. Tun lokacin annobar korona a shekarar 2020, lokacin da aka riƙa yayata cewa bitamin C da bitamin D da sinadarin zinki suna ƙarfafa garkuwar jiki, waɗannan ƙwayoyi suka shiga jerin abubuwan da ake ajiyewa a gida, kuma mutane da dama suka ɗauke su a matsayin abin ƙara kuzari wanda ko bai yi amfani ba ba zai cutar ba. Wannan zato shi ne takardar ta sa a gaba, domin bai dace da abin da ilimin likitanci ya tabbatar game da bitamin D ba.

2.0 Yadda Jiki Ke Samar da Bitamin D

Bitamin D ya sha bamban da sauran 'yan'uwansa ta fuskar cewa mafi yawansa fatar mutum ce ke samar da shi, abinci kuma ya cike ɗan abin da ya rage. Idan wani sashe na hasken rana da ido ba ya gani ya sauka a kan fata, yakan juya wani sinadari dangin kolestarol zuwa bitamin D3, daga nan jini ya kai shi hanta inda ake mayar da shi kalsidayol, wato nau'in da ke yawo a cikin jini na tsawon makonni biyu zuwa uku, wanda kuma shi ake aunawa a ɗakin gwaji idan ana son sanin matsayin mutum. Ƙoda ce ke yin juyi na ƙarshe, inda take fitar da kalsitirayol, wanda shi ne ke umartar hanji ya tsotsi kalsiyam da fosfarus daga abinci domin gina ƙashi da haƙori. Edward Mellanby a Ingila ya nuna a shekarar 1919 cewa man hantar kifi yana warkar da taushin ƙashi a jikin karnuka, Elmer McCollum a Amurka kuma ya bambance sinadarin ya ba shi harafin D a shekarar 1922.

Abubuwa biyu a cikin wannan tsari su ne tushen haɗarin da ake magana a kai. Na farko, fata tana da birki: idan rana ta yi yawa, hasken da ya samar da bitamin ɗin shi ke rushe rarar zuwa sinadarai marasa aiki, saboda haka manomin da ya wuni a gona a Bomo ba zai taɓa kamuwa da gubar bitamin D daga rana ba. Abin da aka haɗiya ta baki ko aka yi allurarsa ba ya bi ta wannan birki. Na biyu, bitamin D a cikin mai yake narkewa, don haka rararsa ba ta fita da fitsari kamar yadda ta bitamin C ke fita, sai dai ta taru a cikin kitsen jiki, ta riƙa sakuwa cikin jini sannu a hankali har tsawon watanni bayan an daina sha.

3.0 Darasin Jos: Wadatar Rana da Ƙarancin Kalsiyam

Zariya tana kusa da digiri 11 a arewa da tsakiyar duniya, inda hasken da ke samar da bitamin D yake samuwa duk shekara, ko da yake ƙurar hunturu tana rage ƙarfinsa tsakanin Nuwamba da Fabrairu. Duk da haka ana ganin yara masu gwame ko masu ƙafafu a lanƙwashe, da kumburin wuyan hannu, da jinkirin tafiya, waɗanda alamu ne na ciwon taushin ƙashi, wato ƙashin yaro mai girma ya kasa samun ma'adanin da zai ƙarfafa shi. Littattafan da aka rubuta bisa yanayin Turai sun ɗora wannan ciwo kan rashin rana, abin da ya sa aka daɗe ana yi wa irin waɗannan yara allurar bitamin D mai ƙarfi.

Binciken da Tom Thacher da Philip Fischer da John Pettifor da abokan aikinsu suka gudanar a Jos, wanda aka buga a mujallar likitanci ta New England a shekarar 1999, ya sauya wannan fahimta. Sun raba yara 123 masu wannan ciwo gida uku: kashi na farko aka yi musu allurar bitamin D kaɗai, na biyu aka ba su miligiram 1,000 na kalsiyam kullum, na uku kuma aka haɗa musu duka biyun. Bayan makonni 24, kashi 61 cikin 100 na waɗanda suka sha kalsiyam kaɗai da kashi 58 cikin 100 na waɗanda aka haɗa wa biyun sun kai matakin warkewar da aka gindaya, alhali kashi 19 cikin 100 ne kawai suka kai shi a cikin waɗanda aka yi wa allurar bitamin D kaɗai. An kuma gano cewa abincin yaran bai wuce kimanin miligiram 200 na kalsiyam a rana ba, yayin da matsayar da masana na duniya suka fitar a shekarar 2016 kan wannan ciwo ta nuna cewa duk yaron da ya haura shekara ɗaya yana samun ƙasa da miligiram 300 yana cikin haɗari, kuma sai ya haura 500 ake cewa ya wadatu. Binciken da ya biyo baya a Jos ɗin ya nuna cewa bitamin D yana taimakawa idan an haɗa shi da kalsiyam, sannan garin busasshen kifi da aka niƙa da ƙayarsa yana iya tsayawa a madadin ƙwayar kalsiyam.

Wannan sakamako ya shafi Samaru da Sabon Gari kai tsaye, domin abincin yaron da aka yaye a nan bai bambanta sosai da na Jos ba: koko da kunu da tuwon masara ko na dawa, waɗanda ba su da kalsiyam mai yawa, kuma dusarsu na ɗauke da sinadarin fayitet wanda ke ɗaure ɗan kalsiyam ɗin da ke akwai ya hana hanji tsotsarsa. Lamarin ya yi kama da na manomin da ƙasarsa ke buƙatar takin fosfarus amma ya dage da zuba yuriya, yana ƙara kashe kuɗi yana kuma ƙona shuka. Wannan bai nuna cewa babu ƙarancin bitamin D a Afirka ba, domin wani nazari da ya tattara bincike daga ƙasashen nahiyar, wanda aka buga a shekarar 2020, ya gano cewa kimanin mutum ɗaya cikin uku yana ƙasa da nanomol 50 na kalsidayol a kowace litar jini, kuma abin ya fi tsanani ga mazauna birane da mata da jarirai. Abin da sakamakon Jos ya nuna shi ne cewa ciwon ƙashi ba shi da sanadi guda, kuma ba a gane sanadinsa daga bakin kantar kemis.

4.0 Awo da Iyakar Abin da Jiki Ke Ɗauka

Ana rubuta ƙarfin bitamin D a jikin kwalba da haruffan IU, ma'auni na ƙasa da ƙasa wanda 40 daga cikinsa ke daidai da maikirogiram 1. Cibiyar Likitanci ta Amurka, a rahotonta na shekarar 2011, ta ƙayyade IU 400 a rana ga jarirai, da 600 ga mai shekara 1 zuwa 70, da 800 ga wanda ya haura 70, sannan ta sa iyakar da bai kamata a ƙetare ba tare da kulawar likita ba: IU 1,000 ga jaririn da bai kai wata 6 ba, da 2,500 ga mai shekara 1 zuwa 3, da 4,000 ga duk wanda ya kai shekara 9 zuwa sama.

A kan kantar kemis kuwa, ƙwaya mai IU 1,000 da mai IU 50,000 kusan girmansu ɗaya, dukansu 'yan ƙwayoyin mai ne masu sheƙi, kuma bambancinsu yana cikin ƙananan lambobin da ke jikin kwali, wanda sau da yawa ba ya bin mai saye gida idan an yanko masa daga kati ko an ƙirga masa a leda. Mai IU 50,000 an yi ta ne domin a sha sau ɗaya a mako na ɗan wani lokaci ga wanda gwaji ya tabbatar yana da ƙaranci, amma wanda ya saba da cewa magani kullum ake shan sa zai iya haɗiyar ta kowace safiya, wato ya ninka iyakar babban mutum sau 12 da rabi, ya tara IU 350,000 a mako guda. Ɗigon jarirai ma yana da irin wannan tarko, domin wani an haɗa shi ne IU 400 a ɗigo ɗaya, wani kuma IU 400 a cikin mililita guda, ta yadda uwar da ta saba da na biyun idan aka canza mata da na farkon ta cika bututun ɗigawa za ta ba jaririnta abin da ya kai na wata guda a zama ɗaya. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi kan irin wannan kuskure a shekarar 2010. Akwai kuma tarawa ba da sani ba, inda mutum ɗaya ke shan ƙwayar haɗakar bitamin, da ƙwayar kalsiyam mai ɗauke da bitamin D, da man hantar kifi, bai san cewa duka ukun abu ɗaya suke ƙara masa ba, ga kuma bitamin A da ke cikin man hantar kifin wanda yawansa ke iya yi wa ɗan tayi illa.

5.0 Gubar Bitamin D da Alamominta

Idan kalsidayol ya haura kimanin nanomol 375 a lita, hanji yakan tsotsi kalsiyam fiye da kima, ƙashi kuma ya riƙa sakin nasa cikin jini, har adadin da ke jini ya wuce iyakarsa ta kusan miligiram 10.5 a kowace desilita. Alamomin farko su ne rashin cin abinci da tashin zuciya da amai da taurin bayan gida da kasala, sai yawan fitsari da ƙishirwa saboda ƙoda ta kasa riƙe ruwa, sannan idan abin ya yi nisa a sami ruɗewar tunani da rikicewar bugun zuciya da tsakuwar ƙoda da daskarewar kalsiyam a cikin naman ƙodar, wanda ke iya kaiwa ga gazawarta. Wahalar da ke nan ita ce babu ɗaya daga cikin alamomin farkon da ke nuna yatsa ga kwalbar bitamin. Mai kasala da amai zai ce maleriya ce da taifot, mai ƙishirwa da yawan fitsari zai zargi ciwon suga, mai taurin bayan gida zai nemi maganin basir, kuma mai yiwuwa ne a ƙara masa wani maganin ƙarin kuzari mai ɗauke da bitamin ɗin da ke cutar da shi, a yi gyaran gangar Auzinawa. Zafin bazara na Maris zuwa Mayu da ƙarancin shan ruwa, musamman idan azumi ya faɗo a lokacin, suna ƙara tsananta lamarin, domin ƙodar da ba ta da isasshen ruwa ba ta iya zubar da rarar kalsiyam. Maganin gubar a asibiti ake yin sa, ta hanyar dakatar da bitamin da kalsiyam, da ƙarin ruwa ta jijiya, da magungunan da ke rage tsotsar kalsiyam ko hana ƙashi sakin sa, kuma ana bibiyar majinyaci na makonni ko watanni.

Tarihi ya nuna cewa ƙasashen da ke da tsauraran dokoki ma ba su tsira ba. A Ingila cikin shekarun 1950 an sami jarirai da dama masu hauhawar kalsiyam a jini bayan an yawaita bitamin D a madarar gari da abincin yara, har aka rage adadin, kuma sai a shekarar 2011 aka gano cewa wasu mutane suna gadon tawayar ƙwayar halittar da ke rushe rarar bitamin ɗin, don haka ɗan kaɗan ma yana iya yi musu yawa. A Denmak a shekarar 2016 an janye wani ɗigon jarirai da aka samu ya ninka abin da aka rubuta a jikinsa sau 75. Wani gwaji da aka yi a Ostireliya kan mata 2,256 masu shekara 70 zuwa sama, wanda aka buga a shekarar 2010, ya nuna cewa ba da IU 500,000 sau ɗaya a shekara ya ƙara yawan faɗuwa da karaya maimakon ya rage su. A ɗaya ɓangaren kuma, babban gwajin da aka yi a Amurka kan mutum 25,871 masu shan IU 2,000 kullum na fiye da shekara 5 bai nuna raguwar kamuwa da ciwon daji ko ciwon zuciya ko karaya ba, abin da ke nufin cewa lafiyayyen da ba shi da ƙaranci yana ɗaukar kasada ne a kan ribar da ba a tabbatar ba.

6.0 Masu Buƙata da Masu Haɗari

Akwai waɗanda ƙarin bitamin D ya wajaba ko ya dace gare su. Matsayar 2016 ta ba da shawarar IU 400 kullum ga kowane jariri har ya cika shekara ɗaya, saboda nonon uwa ba shi da bitamin D mai yawa. Haka nan masu juna biyu da tsofaffin da ba sa fita, da matan da ke zaune a gida waɗanda kuma ke rufe jiki idan za su fita, musamman yanzu da ginin zamani mai rufaffen falo ke maye gurbin gida mai buɗaɗɗiyar tsakar gida inda mace ke daka da wanki da shanya a cikin hantsi. Masu shan wasu magungunan farfaɗiya irin su fenobabiton da fenitoyin, da masu shan rifamfisin, su ma bitamin ɗin yakan rushe da sauri a jikinsu.

Akwai kuma waɗanda ko matsakaicin awo na iya jefa su cikin matsala. Mai hawan jini da ke shan maganin sa fitsari na dangin tayazayid, wanda ya yawaita a Nijeriya, ƙodarsa tana riƙe kalsiyam, mai shan digozin domin ciwon zuciya kuwa hauhawar kalsiyam na iya rikita masa bugun zuciya. Mai ciwon ƙoda ko wanda ya taɓa yin tsakuwar ƙoda shi ma yana cikin wannan rukuni. Tarin fuka yana da nasa matsayi na daban, domin ƙululun da cutar ke haifarwa a huhu suna iya samar da kalsitirayol da kansu ba tare da bin umarnin ƙoda ba, ga shi kuma maganin cutar yana rage bitamin ɗin ta wata fuskar, saboda haka hukuncin ba mai tarin fuka ƙari yana hannun likitan da ke duba shi. Zariya, wadda ke da cibiyar horar da ma'aikatan tarin fuka da kuturta ta ƙasa a Saye, tana da masu wannan ilimi a kusa.

7.0 Neman Shawara

Mai kemis shi ne wanda jama'a suka fi saurin kaiwa gare shi, kuma yana da amfani a unguwa, amma lasisinsa na sayar da magungunan da ba sa buƙatar takardar likita ne a cikin kwalinsu na asali, ba na gano cuta ba. Lambar hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a shekarar 1993, tana shaida cewa an yi wa kaya rajista, ba ta shaida cewa wane yana buƙatarsa. Shawara ingantacciya tana farawa ne da tambayoyi: me mutum ke ci a yini, nawa yake samun rana, waɗanne magunguna yake sha, yana da ciwon ƙoda ko tarin fuka. Wannan aikin likita ne da masanin haɗa magunguna da masanin abinci, irin waɗanda ake samu a manyan asibitoci kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, kuma yana da kyau mai neman shawara ya tafi da duk kwalaben da yake sha domin a lissafa jimillarsu. Gwajin kalsidayol yana da tsada, kuma Ƙungiyar Likitocin Sinadaran Jiki ta Amurka a shekarar 2024 ba ta goyi bayan a riƙa yi wa lafiyayyu shi ba dalili ba, amma gwajin kalsiyam da na aikin ƙoda sun fi sauƙi, kuma su ne suka wajaba ga duk wanda aka ɗora a kan babban awo.

Mafi yawan abin da masanin abinci zai ba da shawara a kai yana cikin kasuwar Samaru da ta Sabon Gari. Nono da kindirmo suna ɗauke da kimanin miligiram 120 na kalsiyam a kowace mililita 100, don haka kofi biyu zai kai yaro kusa da abin da yake buƙata a yini. Kuka da zogale da riɗi da tamba da ƙananan busassun kifin da ake dakawa da ƙayarsu a zuba a miya duk suna ƙara kalsiyam, jiƙa hatsi da tsima shi kafin a yi koko kuma yana rage fayitet. Kifi mai maiƙo irin sadin da titus, da gwaiduwar ƙwai da hanta, suna ba da bitamin D gwargwado, sauran kuma rana ta cike idan hannuwa da ƙafafu suna samun ta a kai a kai.

8.0 Kammalawa da Shawarwari

Takardar ta nuna cewa bitamin D magani ne mai awo da iyaka, yana amfanar wanda ke da ƙaranci, yana kuma cutar da wanda ya wuce gona da iri, sannan a yanki irin Sabon Gari ƙarancin kalsiyam a abinci shi ne abin da ya kamata a fara bincika idan yaro ya zo da matsalar ƙashi. Bisa haka ake ba da shawarar cewa hukumomin da ke kula da sayar da magani su hana sayar da ƙwaya mai IU 50,000 da allurar bitamin D sai da takardar likita, kuma a wajabta rubuta awo da yawan sha da Hausa a jikin ɗigon jarirai. Ya dace ma'aikatan asibitocin sha-ka-tafi su riƙa tambayar majinyaci game da abubuwan ƙari da yake sha duk lokacin da ya zo da amai da ƙishirwa da kasalar da ba a gano sanadinsu ba. A ƙarshe, akwai buƙatar Jami'ar Ahmadu Bello, ta hanyar asibitinta da tsangayar haɗa magunguna da cibiyar wayar da kan manoma ta NAERLS da ke Samaru, ta auna yawan kalsiyam da yaran wannan yanki ke samu a abinci da matsayin bitamin D na iyayensu mata, domin shawarar da za a riƙa bai wa jama'a ta dogara da alƙaluman da aka tattara a unguwanninsu.